Ka Tare Ni da Gaske

A bakin matarsa Odell Quarles ya ji cewa an sa shi cikin wasan taurari na bana. Yana zaune a kicin da safe, ya miƙe ƙafar hagu a kan wata kujera, sai Renita ta shigo da waya a hannu ta ce masa hukumar gasar ƙwallon kwando ta ba shi gurbin girmamawa. Ya ci gaba da juya cokali a cikin kofinsa, har ta gaji da tsayuwa ta nemi wuri ta zauna.

Duk wanda ya tashi a garin Gary kamar mu ya san abin da ake nufi da gurbin girmamawa. Sauran waɗanda za su buga wasan, 'yan kallo ne ke zaɓen wasu, kociyoyi su zaɓi wasu, ana duba abin da mutum ya yi a kakar wasan. Shi wannan guda ɗayan kuwa hukuma ke ba tsohon ɗan wasan da zai ajiye a ƙarshen shekara, don a tafa masa a sallame shi. To amma Odell bai taɓa gaya wa kowa zai ajiye ba. Shekararsa talatin da takwas, gwiwarsa ta sha wuƙar likita har ta gode Allah, rabin kakar nan a benci ya yi ta, amma da bakinsa bai ce ya gama ba. Wasu ne masu kwat suka zauna a ofis suka gama masa, suka kuma aiko da saƙon taya murna.

Likitansa ya riga ya ba shi zaɓi. Ko dai a sake buɗe gwiwar idan sanyi ya wuce, ya yi shekara yana jinya da motsa jiki, wataƙila ya koma fili, wataƙila kuma ya ƙare da sanda. Ko kuwa ya haƙura da wasan, ƙafar ta kai shi tsufa lafiya. Likitan yana jiran amsa da zarar an dawo daga hutun wasan taurari. Renita ta ce ita ba za ta zaɓa masa ba, ƙafarsa ce, in ma sanda ce ita za ta riƙa miƙo masa. Shi kuwa abu ɗaya yake so ya sani kafin ya buɗe baki, wato ko da sauran wasa a jikinsa.

Sai dai babu mai gaya masa. Kocinsa kullum cewa yake shi ne ginshiƙin kulob, sannan ya bar ginshiƙin a zaune har a tashi. A wajen atisaye yaran da ke tare shi sukan matsa kaɗan, ya wuce, su ce kai, Kawu har yanzu da wuta. 'Yan jarida kuwa sun fara magana a kansa kamar yadda ake magana a kan mamaci, komai ya yi kyau, ba shi da aibi.

Tun bayan tiyatar da ta wuce wani abu ya mutu a jikinsa wanda likita bai gani a hoto ba. Ba baƙin ciki yake yi ba, da shi ne ma da sauƙi. Abinci ya daina yi masa daɗi, bai kuma daina ci ba. In kulob ya yi nasara ya tashi ya tafa, in an cinye su ya tashi ya shiga wanka, duk ɗaya ne a wajensa. Ranar da aka sanar da sunansa mutanen unguwa suka yi ta kira, har limamin cocinsu ya yi masa addu'a ta waya, shi kuwa yana ta cewa na gode, yana kallon dusar ƙanƙara a kan motar maƙwabcinsa.

Ranar Jumma'a suka kama hanyar birnin Indianapolis, inda za a yi wasan, a mota, Renita ke tuƙi. Suna isa otal aka karɓe shi daga hannunta. Wannan ya ce tsaya nan a ɗauke ka hoto, wancan ya ce riƙe wannan takalmin ka yi murmushi, wata ta ce ya faɗi abin da zai fi kewa. Ya ce mata bai ce zai tafi ko'ina ba, ta yi dariya ta ce ai Odell da barkwanci. Mutanen hukumar nan ba su iya ƙwallo ba, amma wajen shirya biki kam sai a sallama musu.

Ranar Asabar da rana aka yi walimar tsofaffin taurari, kamar kowace shekara. An soya tarwaɗa, ga burodin masara, ga ganye da aka dafa har ya yi laushi saboda masu haƙoran roba. A teburin ƙarshe Odell ya hango Ezell Gaither a keken guragu, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Shi ma ɗan Gary ne, ya haura tamanin, kuma cikin waɗanda suka buga wasan taurari tun ana nuna shi a talabijin mai baƙi da fari, shi kaɗai ya rage da hankalinsa. Bakinsa kuwa ko shekaru ba su taɓa shi ba.

Odell ya durƙusa a gefensa da ƙyar ya gaishe shi. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗan Quarles, ashe kai aka ba gurbin gawa bana? Ka zo jana'izarka da ƙafarka ke nan."

"Haka suka ce, Baba Ezell."

"Zauna. Wannan durƙuson naka ma ciwo yake sa mini."

Ba sai an tambayi Baba Ezell labarin da ba. Ya ture farantinsa ya fara. Ya ce lokacin da aka ƙirƙiro wasan nan gasar ma mutuwa take yi, kujeru babu kowa, sai wani mai kulob ya ce a tara gwanayen Gabas da na Yamma a fili ɗaya ko mutane za su zo. Mutane suka zo, kuma abin da suka tarar faɗa ne na gaske, don 'yan Gabas na cewa na Yamma ba su iya komai ba sai gudu, na Yamma na cewa na Gabas jakai ne masu duka. A wasansa na farko wani ya cire masa haƙora da gwiwar hannu, ya tofar a gefen fili ya koma. A shekarar otal ɗin da aka sauki 'yan wasa ya hana shi ɗaki saboda launin fatarsa, a gidan wani fasto ya kwana a kan kujerar falo, washegari ya shiga fili da niyyar duk wanda ya kwana a gado sai ya ji a jikinsa.

Haka aka yi shekaru ana yi, in ji shi, har shekarar da wani tauraro ya yi tsalle, wani ya tare shi a sama, ya faɗo ƙafa ta karye, kulob ɗinsa ya rasa kofin da ya kusa ɗauka. Daga nan masu kulob suka fara jan kunnen yaransu. Babu wanda ya rubuta doka, a hankali abin ya zo. Da farko aka daina duka, sai aka daina tsalle a gaban mutum, sai aka daina tsayawa ma gaba ɗaya. Yanzu in mutum ya nufo kwando kaucewa ake yi a ba shi wuri, har a tsaya kallonsa. Hukuma ta canja tsari har ta rasa na canjawa, an soke Gabas da Yamma an ce kyaftin biyu su zaɓi 'yan wasa, an dawo da Gabas da Yamma, duk a banza. Ya ce wasan da za a zuba maki kusan ɗari biyu kowane ɓangare ai ba wasa ba ne, bikin nuna takalma ne.

Odell ya san duk wannan, don shi ma ya buga wasan taurari shekaru da dama lokacin yana tashe, ya kauce an wuce, an kauce masa ya wuce. Ya bari sai da tsohon ya tsaya shan ruwa sannan ya tambaye shi yadda aka yi ya san ya gama.

Baba Ezell ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Wani yaro ne ya gaya mini. Ya wuce ni, ya sake wuce ni, da ya zo na gaba sai ya tsaya da ƙwallon a hannu ya ce, Baba, lafiya kuwa? A ranar na kwashe kayana. Mu a lokacinmu babu mai tausaya maka, shi ya sa muke sani da wuri. Ku kuwa ladabi ya kashe ku. Za su yi ta rusuna maka har a tura ka a irin wannan keken."

Wani ma'aikaci ya zo ya tura shi wajen hoto, yana tafe yana faɗa wai an cika gishiri a kifin.

Da la'asar aka yi atisayen da ake yi don 'yan jarida. Odell ya jira sai da aka watse, sannan ya bar ɓangarensu na Gabas ya tsallaka na 'yan Yamma inda Tavion Mabry ke zaune yana kwance igiyar takalmi. Tavion shekararsa ashirin da biyu, dogo ne siriri mai hannaye kamar taɓarya, kuma a bana babu wanda ya kai shi tare mutum a duk gasar. Manyan masu zuba ƙwallo in sun ga kulob ɗinsa a gabansu sai ciwon baya ya tashi. Yana ganin Odell ya miƙe tsaye da takalmi ɗaya, ya kama hannunsa da hannu biyu.

Odell bai yi kwana-kwana ba. Ya ce masa gobe, in ya karɓi ƙwallo a ƙarshen wasa, yana so ya tsaya a gabansa kamar yadda yake tsayawa a gaban kowa.

Tavion ya yi dariya, da ya ga babu dariya a fuskar Odell sai ya daina. Ya ce, "Haba Kawu, so kake a kashe ni? Gobe fa ranarka ce. In na taɓa ƙwallonka duk ƙasar nan za ta kwana tana zagina. Kakata ma za ta kalla, kuma ta fi son ka a kaina, hotonka ne a falonta, nawa yana ɗakin wanki."

"Ba ranata ba ce, su suka ce ranata ce. Ni ban san ko na gama ba, kuma babu mai gaya mini. Kai kaɗai za ka iya."

"To mu haɗu a wani fili mana, mu biyu, ba kowa."

"In mu biyu ne za ka ji kunyata. A gaban mutane ba ka son a ci ka, na san irinku."

Yaron ya sunkuyar da kai yana juya takalmin a hannu. Odell ya ce masa ba alfarma yake roƙo ba, in ya tausaya masa ya cuce shi, domin a kan abin da zai gani gobe zai yanke ko a sake yanka gwiwarsa. Daga ƙarshe Tavion ya ce to, amma in kakarsa ta kira, Odell ne zai ɗauka.

Ranar Lahadi da yamma zauren ya cika har sama. Aka kashe fitilu, aka yi waƙa, aka yi hayaƙi, aka kira taurari ɗaya bayan ɗaya. Shi aka bari ƙarshe. Aka nuna hotunansa a babban allon da ke rataye a tsakiyar zaure, tun yana siriri da gashi har zuwa bara, aka sa wani kiɗa mai sanyi irin na makoki. Mutane suka miƙe suna tafi, wasu har da share hawaye. Odell ya ɗaga hannu don an ce ya ɗaga, ya ji tafin kamar ruwan sama a kan rufin wani gida da ba nasa ba.

Wasan kuwa kamar yadda aka saba. Wannan ya jefa daga tsakiyar fili, wancan ya yi tsalle ya juya a sama ya danna ƙwallo cikin kwando, masu tsaron gida suna tsaye hannu a ƙugu suna hira da na gefen fili. Kocin Gabas ya sa Odell kafin hutun rabin lokaci. Yana taɓa ƙwallo hanya ta buɗe masa har kwando, ya je ya ajiye, aka yi ihu. Aka sake ba shi, babu kowa kusa, ya jefa ta bugi ƙarfe ta fito, wani ɗan Yamma ya kama ya yi kamar ta suɓuce masa don ta koma hannun Odell. Ya jefa ta shiga, aka sake ihu. Bai ji komai ba, in ban da gwiwar da ta fara zafi.

Sai a zangon ƙarshe aka sake sa shi. Ya nufi gefen hagu, wurin da ya ci abincinsa shekara da shekaru, ya juya wa kwando baya ya ɗaga hannu. Aka ba shi. Tavion ya bar wanda yake tsarewa ya taho, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya ɗora masa damtse a baya. Nauyin ya sauka a kan Odell na gaske, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya tura, yaron bai motsa ba. Ya sake turawa. Sai ya yi abin da duk ƙasar ta san shi da shi, ya karkata kafaɗa dama kamar can zai bi, ya juya hagu, ya yi baya a sama ya saki ƙwallon.

Ko tafin hannunsa ba ta gama bari ba Tavion ya make ta. Ƙarar ta kai har kujerun sama, ƙwallon ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo ta zubar wa wani da lemo a riga.

Zauren ya yi tsit, sannan aka fara ihun tsiya. Daga kowane lungu ake yi, har da yara. Wani ya jefo kofin takarda. 'Yan wasan Yamma suka kewaye Tavion, kyaftin ɗinsu ya kama masa ƙeya yana magana a kunnensa, wani kuma ya buɗe hannu yana tambayarsa ko ya sha wani abu ne. Kocinsu ya taso har bakin layi. Aka nuna fuskar yaron a allo, ihun ya ƙaru.

Odell kuwa yana tsaye yana duban yatsunsa da ke raɗaɗi. Kunnuwansa sun yi zafi, sai ya gane haushi yake ji. Haushi na gaske, irin na da, wanda ke sa shi kasa barci in an cinye su. Ya yi wata da watanni bai ji wani abu ya taɓa shi haka ba, har ya kusa yin dariya. Ya kuma ga inda ya yi kuskure, ko dai ya ɗauka ya gani: ya yi saurin juyawa, bai bari yaron ya ruɗu ya bi dama ba. In aka sake zai gyara.

Aka tafi ɗaya ɓangaren aka dawo. Duk lokacin da ƙwallo ta bi ta kusa da Tavion sai ihun ya tashi. Odell ya koma wurinsa ya ɗaga hannu, ya kuma yafito yaron da kai. Tavion ya taho fuska a ɗaure, ya sake ɗora masa damtse. Nauyin na nan yadda yake. Odell ya tura, ya karkata dama, ya daɗe a can har ya ji yaron ya ɗan bi, sannan ya juya hagu ya tashi. Ya ga hannun na zuwa, ya saki, ƙwallon ta wuce ta yi baka, ta faɗa raga ko ƙarfe ba ta taɓa ba.

Zauren ya fashe. 'Yan benci na Gabas da na Yamma duka suka zubo cikin fili, alƙalin wasa ya busa usur aka tsayar. Odell ya yi kururuwa, ya bugi ƙirjinsa, bai ma san ya yi ba. Murna ce ta cika shi, murna sosai, kamar ta yaron da ya fara cin wasa a filin unguwa. A cikin kansa har ya riga ya kira likita ya ce a sa rana. Shekara ɗaya ta jinya ba komai ba ce ga wanda ya jefa ƙwallo a kan Tavion Mabry.

Sai aka maimaita hoton jifan a babban allo, a hankali, yadda suke yi don mutane su more.

Odell ya ɗaga kai yana huci. Ya ga kansa ya karkata dama, ya ga Tavion ya ɗan jingina, amma ƙafafunsa ba su bar wurinsu ba. Ya ga kansa yana juyawa, a hankali ƙwarai, ƙafar hagu tana jan ƙasa, tsallen da ya ji kamar ya kai sama ashe ko tafin hannu bai kai ba. Yaron ya riga shi tashi. Hannunsa ya isa saman ƙwallon tun tana tsakanin yatsun Odell, ya rufe ta gaba ɗaya. Sannan yatsun suka naɗe, hannun ya karkace gefe, ƙwallon ta wuce ta inda aka bar mata.

'Yan kallo ba su ga komai ba, tafi suka ƙara. Aka sake nunawa ta wani gefen, ya sake gani. 'Yan wasan da ke kusa da shi sun gani su ma, ya san sun gani, don wasu sun sauke kai, wasu kuma suka ƙara ƙarfin bubbuga masa baya.

Tavion ya ratso mutane ya rungume shi, yana faɗa da ƙarfi don masu kyamara su ji, "Ka gama da ni, Kawu! Na yi iya yina!"

Odell ya riƙe shi ya ce a kunnensa, "Na gani a allo."

Jikin yaron ya yi sanyi. Ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Kawu. Ban iya sau biyu ba. Ka ji yadda suke yi mini."

"Na ji. Ba komai, na farkon ya isa."

Murnar ta tafi kamar yadda ta zo, haushin ma bai dawo ba. Abin da ya saura shi ne wannan shirun da ya saba da shi, sai dai yanzu babu tambaya a cikinsa. Kocin Gabas ya zo yana tambaya ko zai ƙarasa wasan, a ba shi ƙwallon ƙarshe, Odell ya ce a'a, a sa wani. Da aka ga ya nufi benci zauren ya sake miƙewa, 'yan wasa suka yi layi suna rungumarsa ɗaya bayan ɗaya, ya bi su duka ya ce na gode. A kujerun gaba Baba Ezell na cikin kekensa, bai tafa ba, kai kawai ya gyaɗa masa. Can bayansa Renita na tsaye da rigar sanyinta a hannu, ta ɗaga masa gira tana tambaya ko a sa ranar tiyata. Ya girgiza kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zauna ta ɗora rigar a cinya.

Ya zauna a ƙarshen benci ya miƙe ƙafar. Aka busa usur wasa ya ci gaba, wani ya jefa daga nesa, wani ya kauce. Mai kula da lafiyar 'yan wasa ya zo da ledar ƙanƙara da bandeji, ya durƙusa zai ɗaure masa gwiwar don kada ta kumbura kafin wasa na gaba, kamar yadda ake yi masa duk sanda ya fito daga fili tun yana saurayi. Odell ya dafa masa kafaɗa.

"Bar shi," in ji shi. "Kai wa yaran, su ke da wasa ranar Alhamis."

Mutumin ya tsaya da ledar a hannu tana ɗiga a kan katako, sannan ya tashi ya wuce. Odell ya jawo tawul ya rufe gwiwar, ya zauna yana kallo har aka tashi.